Juriyar Ƙwayoyin Halitta ga Zafi a Ɗakin Gwaje-gwaje

Ana renon ƙwayoyin halittar dabbobi masu shayarwa a cikin ruwa mai abinci, a zafin digiri 37 na ma'aunin Selsiyus, da iskar kabon dayoksaid kashi 5 cikin 100, ma'aunin tsami da ake kira pH kuma yana kusa da 7.4. Idan aka ɗaga zafin zuwa tsakanin digiri 41 da 45, furotin ɗin cikinsu yakan fara lalacewa, wasu su mutu. Amma yawan waɗanda za su tsira ba zafi kaɗai ke yanke shi ba. Yanayin renon yana da babban tasiri.

Ana auna tsira ne da hanyar da masana kimiyya Puck da Marcus suka fito da ita a 1956: ƙwayar da ta hayayyafa har ta kai tarin 50 ko fiye, ita ce rayayya. Sama da digiri 43, ƙarin digiri ɗaya yakan rage rabin lokacin da ake buƙata a kashe adadi iri ɗaya. A kan wannan masana Sapareto da Dewey suka gina lissafinsu na 1984, wanda ke haɗa zafi da tsawon lokacin ɗumamawa a ma'auni ɗaya.

Tsamin ruwan reno shi ne ya fi cancantar a tsaya a kai. Idan pH ya sauka ƙasa da 7, wato tsami ya ƙaru, lokacin ɗumamawa, ƙwayoyi sukan mutu da yawa sosai. Abin lura, waɗanda suka daɗe cikin tsami har suka saba da shi ba sa jin jiki haka, domin sun koyi daidaita tsamin cikinsu. Wannan ya shafi maganin ciwon daji ta hanyar zafi kai tsaye, tunda tsakiyar ƙari yakan kasance mai tsami, ga ƙarancin abinci, kuma ƙwayoyinsa sun daɗe a haka. Ƙarancin sukarin gulukos ma yana raunana su.

Ƙwayar da ke tsakiyar kwafar DNA ɗinta ta fi saurin mutuwa da zafi, alhali wannan matakin ne ya fi jure hasken radiyeshan da ake amfani da shi wajen kashe ƙwayoyin ciwon daji.

Akwai kuma sabo. Ɗan zafi na farko, idan aka mayar da ƙwayoyin digiri 37 na wasu sa'o'i, yakan sa su ƙera furotin masu kariya irin su HSP70, sai su jure zafi na biyu. Juriyar takan gushe bayan 'yan kwanaki. Shi ya sa sakamakon da bai bayyana pH, abinci da tarihin ɗumamawar ƙwayoyin ba, da wuya a kwatanta shi da na wani ɗakin.