Daga Rijiyar Kusugu zuwa Damagaram: tambayoyi da amsoshi kan yawon ganin tarihi a bakin iyaka

Me ya sa duk mai neman tarihin Hausawa yake fara dosar Daura?

Saboda labarin Bayajida. Kamar yadda aka gada a baki, baƙo ne da ya iso garin cikin dare a zamanin sarauniya Daurama, ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa bai samu ba. Dalili kuwa, maciji ya tare rijiyar Kusugu, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ya kashe macijin, ya auri sarauniya, aka haifi Bawo, wanda 'ya'yansa shida suka sarauci Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano. In an haɗa da Biram, an sami Hausa Bakwai ke nan.

Rijiyar tana nan har yau, an gina mata ɗaki, baƙi na ja da guga su sha.

To, labarin nan gaskiya ne?

Masana tarihi da dama ba sa karɓarsa kalma da kalma. Ai tun kafin baƙon ya iso akwai gari da sarauta, akwai maƙeran Gaya da suka ƙera masa wuƙa, ashe Hausawa sun riga shi. Abin da ya fi kama hankali shi ne labarin yana adana tunawa da wani babban sauyi, inda mulki ya tashi daga hannun mata ya koma hannun maza. A ganina wannan bai rage wa Kusugu daraja ba ko kaɗan. Sai dai mai yi wa baƙi jagora ya kamata ya bambanta abin da aka ji daga kakanni da abin da aka tabbatar, don ɗalibai da yawa daga bakinsa suke ɗauka.

Ina ruwan Nijar da tarihin Daura?

Nan ne yawancin masu ziyara suke yin asara. Wajen 1805, mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci Daura, tsohon gidan sarauta ya fice. Zuriyarsa ta kafa sarautu a Zango da Baure, kuma a ƙarni na 19 suka shiga inuwar Damagaram, wadda ƙarfinta ya kai ƙololuwa a zamanin Sarki Tanimu, mai ganuwar Zinder da igwa. Sai a 1906 Turawan Ingila suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da shi gadon Daura. Wato kusan shekara ɗari na tarihin wannan gida, fuskarsa arewa take kallo.

Haka abin yake a yamma. Sarakunan Katsina da aka kora su suka kafa Maraɗi, shi ya sa har gobe ana cewa Sarkin Katsinan Maraɗi, Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri. Layin da ya raba ƙasashen biyu daga baya ya zo, cikin yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906. Ba a tuntuɓi manomin da gonarsa ta faɗa wancan ɓangare ba.

In mutum ya tsallaka, me zai gani?

Hanya tana bi ta Mai'aduwa zuwa Kwangwalam, daga nan Matamai, sai Zinder. A unguwar Birni akwai fadar Sarkin Damagaram da lunguna masu gidajen ƙasa da aka ƙawata fuskokinsu da zane, ga manyan duwatsu a tsakiyar gari. Unguwar Zango ta Zinder kuwa ita ce unguwar fatake, inda a da ayarin raƙuma daga Agadas ke sauka. A garin nan aka kashe hafsan Faransa Kazamaju a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, Faransawa suka dawo suka ci garin a 1899. Zinder ce hedikwatar Nijar kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Hausa za ta ishe ka a kasuwa da tasha, duk da cewa gidan sarautar asalinsa Barebari ne.

Wane lokaci ya fi dacewa?

A Daura, Sallar Gani, cikin watan Rabi'ul Awwal. Hakimai na shigowa da dawakai, ana hawa, 'yan asalin gari na dawowa gida daga ko'ina. Masauki yana wuya a kwanakin, sai an nema da wuri. Wanda ba ya son cunkoso, lokacin hunturu ya fi masa, don rana ba ta duka.

Ana iya tsallakawa yanzu kuwa?

Sai an tambaya kafin a kama hanya, don iyakar nan ta sha rufewa. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS. Ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, ka canji naira zuwa sefa, ka yi tafiyarka da rana. Direbobin tasha su suka fi kowa sanin halin da hanya take ciki a makon. Kada ka ɗauki hoton jami'an tsaro ko shingensu, kuma a fada a nemi izinin dogarai kafin a ɗaga waya.

Me ya hana wannan yawo bunƙasa?

Tsaro na ɗaya, amma ba shi kaɗai ba. Kowace ƙasa tana tallata nata ne kawai, kamar Kusugu da Birnin Zinder ba su taɓa sanin juna ba. Ginin ƙasa kuma yana son yaɓe duk bayan damina, magina masu iya zane suna raguwa, masu gida na rushewa su sa bulo. Layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, zai kuwa sauƙaƙa zuwa Maraɗi. Mai nufin Zinder dai sai ya sauka a Daura ya nemi mota.