C ya cika, ga kuma fili babu kowa a faifai: yaya ake haɗa su?

Mutum zai sayi sabon faifan ajiya na SSD mai 512GB, a kwafe masa duk abin da ke kan tsohon mai 256GB, ya kunna kwamfuta da murna, sai ya tarar C, sashen da Windows ke zaune a ciki, yana nan yadda yake, jan layi na nuna ya kusa cika. Wajen 238GB da ya kamata su ƙaru (haka Windows ke lissafa ƙarin 256GB ɗin) ba su ɓata ba. Suna nan, ba a dai ba kowa su ba.

Mene ne wannan filin da Windows ke rubuta wa Unallocated?

Faifan ajiya kamar fili ne da aka yanka fuloti-fuloti. Kowane sashe yana da iyakarsa, wasu kuma da harafinsu, kamar C ko D. Abin da ya rage ba a yanka ba shi ne wannan, kuma a Disk Management, wurin sarrafa faifai na Windows, za ka gan shi da baƙin layi a samansa. Ba a iya ajiye ko hoto ɗaya a cikinsa sai an mai da shi sashe ko an haɗa shi da wani.

Yaya ake ƙara wa C shi?

Danna maɓallin Windows tare da X, ka zaɓi Disk Management. Ka danna C da ɓangaren dama na linzami, ka zaɓi Extend Volume, ka bar adadin da ya nuna, ka bi Next har Finish. Cikin 'yan daƙiƙu an gama, ba sai ka sake kunna kwamfutar ba. Tun Windows Vista na 2007 ake iya yin haka ba tare da wata manhajar waje ba, muddin sashen NTFS ne, wato tsarin jera fayiloli da Windows ya saba amfani da shi.

Na danna, amma Extend Volume ya dushe, ba ya dannuwa. Me ya faru?

A nan yawancin mutane ke maƙalewa. Windows ba ya ƙara wa sashe fili sai filin yana manne da shi ta hannun dama. Kamar mai son faɗaɗa gida ne: in fulotin da ke jikin katangarsa babu kowa, sai ya ture katangar, in kuwa akwai gidan wani a tsakani, ba yadda zai tsallake shi.

Ka duba jerin da ke ƙasan allon da kyau. Sau da yawa za ka ga C, sannan wani ɗan siririn sashe mai 'yan ɗaruruwan MB da aka rubuta wa Recovery Partition, sannan filin. Wannan ɗan ƙaramin ne ya tare hanya. Wani lokacin kuma D ne a tsakani. In D ne, ka kwashe kayansa zuwa wani faifan, ka goge D ɗin, hanya ta buɗe. A tsofaffin faifai masu tsarin MBR, wato tsohuwar hanyar raba faifai, bayan goge D za ka iya ganin filin da koren layi an rubuta Free space. Sai ka sake goge wannan ma kafin ya koma baƙi.

To in goge sashen Recovery mana?

Ba na ba da wannan shawarar, ko da yake da yawa suna yi. A cikinsa kayan gyaran Windows suke, waɗanda ke ceto kwamfuta ranar da ta ƙi tashi. Gara a matsar da shi can ƙarshen faifai. Disk Management bai iya matsar da sashe ba, don haka ake amfani da GParted, manhaja ce ta kyauta da ake ɗorawa a filashi a tayar da kwamfuta da ita. Ka ja sashen Recovery zuwa ƙarshen dama, ka tabbatar da aikin, ka tsaya nan. Kada ka taɓa C a ciki. Ka dawo Windows ka yi Extend Volume da kanka. Daga nan ka buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa, ka rubuta reagentc /info. In ya nuna Disabled, wato kayan gyaran a kashe suke, sai ka rubuta reagentc /enable.

Fayilolina za su ɓace?

Ƙara fili kawai ba ya taɓa fayil, iyaka ce ake turawa gaba. Matsar da sashe ne ke da haɗari, domin ana kwashe bayanai ne daga wani wuri zuwa wani. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, sashen na iya lalacewa. Don Allah kada ka fara a kwamfutar tebur da ba ta da UPS, a laftof kuma ka cika batir tukun. Kafin komai ka kwafi takardun aiki da hotunan iyali zuwa wani faifai dabam. In BitLocker, makullin da Windows ke kulle faifai da shi, yana kunne, ka dakatar da shi, ka kuma rubuta mabuɗinsa mai lambobi 48 a takarda, ba a cikin kwamfutar da kake gyarawa ba.

Faifaina 4TB ne, C ya tsaya a 2TB, sauran ya ƙi haɗuwa.

Iyakar MBR ke nan. Sai an mayar da faifan GPT, sabon tsarin da ba shi da wannan iyakar. Tun 2017 Windows 10 ke zuwa da mbr2gpt da ke yin haka ba tare da goge kaya ba, amma bayansa dole a sauya tashin kwamfutar zuwa UEFI, sabon tsarin tashi da ya maye gurbin BIOS, in ba haka ba ba za ta tashi ba.

A Linux fa?

Sharaɗin ɗaya ne, filin ya biyo bayan sashen kai tsaye, amma mataki biyu ake yi. Ka duba sunan sashen da lsblk. In /dev/sda2 ne, growpart /dev/sda 2 zai faɗaɗa sashen, sannan resize2fs /dev/sda2 ya shimfiɗa tsarin fayiloli na ext4 ya cika shi. Mai tsarin XFS kuwa, in sashen ne tushen Linux ɗin (/), xfs_growfs / zai rubuta a mataki na biyu.