Mashin mai ƙasa ba shi ne gwanin kwana ba

An daɗe ana faɗa a tashoshin kabu-kabu na Sakkwato cewa in aka rage wa mashin tsawo, ya fi kama ƙasa a kwana. Gaskiyar da ke ciki kaɗan ce: ƙafar mai tuƙi za ta kai ƙasa da sauƙi in ya tsaya. A nan amfanin ya ƙare.

Mashin ba ya shan kwana sai ya karkata, kuma gudu da ƙuncin kwanar ne ke yanke yawan karkatar. Da makaniki ya sa gajeren shokozoba, sai matakin ƙafa, salansa da ƙarfen jingine mashin su matso kusa da kwalta. Karkatar da jiya ake yi lafiya a shataletalen Dandima, yau ƙarfe ne zai riga gogar ƙasa. Matakin da ke lanƙwashewa gargaɗi kawai yake yi. Salansa kuwa ba ta san lanƙwasa ba. Tana dafa kwalta sai nauyi ya bar taya, baya ya zame.

A ɗora fasinja biyu da buhun albasa a kan mashin ƙirar Boxer, abin da ba baƙo ba ne a garin nan, shokozoba ta ƙara nutsewa, ɗan filin da ya saura ya tafi.

Wanda gajarta ke damu, gara ya sa a rage masa soson kujera. Ƙafa za ta kai ƙasa, tazarar mashin da kwalta tana yadda kamfani ya bar ta.