Halasta wiwi: abin da doka ke iya canjawa da abin da ya fi ƙarfinta

Wani saurayi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Mahaifiyarsa ce ta kawo shi ɗakin da muke duba marasa lafiya, kwana huɗu bai runtsa ba, yana ta rantsuwa cewa maƙwabta sun dasa wata na'ura a bango suna sauraren tunaninsa. Bayan mako biyu da ya dawo hayyacinsa, muka zauna hira, na tambaye shi tun yaushe yake zuƙar wiwi. Ya ce tun yana ɗan shekara 15. Sai ya ɗaga kai ya ce, "Malam, ai ganye ne kawai. Turawa ma sun halasta ta. Da tana da illa, gwamnatinsu za ta bari?" Uwar ta juyo ta dube ni, ido cike da ƙwalla: "Ɗana, wai da gaske ne an halasta?"

Da gaske ne, amma ba yadda yaron ya ɗauka ba. Kalmar ma kanta tana rikita mu. A kunnen Bahaushe, in an ce an halasta abu, sai a ji kamar an wanke shi tas, ya zama mai tsarki. Majalisar dokoki ba ta da wannan ikon. Abin da take yi shi ne ta yanke wa za a kama, wa zai sayar, wa zai karɓi haraji. Ƙwaƙwalwar ɗan shekara 15 ba ta san an zauna a majalisa ba.

Kuma abin da ake kira halastawar ba iri ɗaya ba ne. Akwai ƙasar da ta daina ɗaure mai sha amma sayarwa na nan a matsayin laifi, kamar yadda Fotugal ta yi a 2001 ga dukkan miyagun ƙwayoyi: wanda aka kama da ɗan abin shansa, gaban wani kwamiti ake tura shi, ba gidan yari ba. Akwai wadda ta yarda a yi magani da ita bisa takardar likita. Akwai kuma wadda ta buɗe ƙofa ga baligi ya saya don nishaɗi. Ko a wannan ta ƙarshen, hanyoyin sun rabu nesa da juna.

Yurugwai ce ta fara, a 2013, zamanin shugaba José Mujica, kuma hujjarsa ita ce a ƙwace cinikin daga hannun gungun masu fataucin ƙwaya. Gwamnati ta riƙe wuyan kasuwar: sai ka yi rajista, a kantin magani za ka saya, giram 40 a wata, ko ka shuka tushe 6 a gida, kuma babu talla. Kanada ta biyo baya ranar 17 ga Oktoba 2018, ta bar kamfanoni su noma su sayar, amma ta hana ƙyale-ƙyalen kwali. Jamus, tun Afrilun 2024, ta yarda baligi ya riƙe giram 25 a waje, ya shuka tushe 3, ko ya shiga ƙungiyar masu noma don kansu, amma babu kantunan sayarwa. A Amurka kuwa abin ya zama hannun riga tsakanin jihohi da tarayya: Kolorado da Washinton sun halasta ta hanyar ƙuri'ar jama'a a 2012, zuwa ƙarshen 2023 jihohin da suka halasta ta sun kai 24, alhali dokar tarayya ta 1970 ba ta yarda da cinikin nishaɗin ba. A Afirka, Lesoto ta fara ba da lasisin noma don magani a 2017, Maroko ta yi doka irin wannan a 2021, kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu kuma ta yanke a 2018 cewa ba laifi ba ne baligi ya sha a keɓe, ko da yake sayarwa haramun ce.

Wanda ya ce guguwar gaba kawai take yi bai duba da kyau ba. Mutanen Niyu Zilan sun ƙi amincewa a ƙuri'ar raba gardama ta 2020, da ɗan ƙaramin rinjaye. A jihar Fulorida a 2024, masu goyon baya sun haura rabin masu ƙuri'a amma ba su kai kashi 60 cikin 100 da doka ta gindaya ba. Tailan ce ma abin dubawa. A watan Yunin 2022 ta cire wiwi daga jerin miyagun ƙwayoyi ba tare da ta gama tsara dokar da za ta kula da cinikin ba, bayan wata jam'iyya ta yi yaƙin neman zaɓe da alkawarin hakan. Kan ka ce kwabo, dubban kantuna sun buɗe. A Yunin 2025 gwamnati ta ja baya, ta ce sai da takardar likita. Sun fafe gora ranar tafiya, sun kuma ga sakamakon.

Ko Majalisar Ɗinkin Duniya ma a rabe take. A Disamban 2020, hukumarta mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga rukunin da ya fi tsanani a yarjejeniyar 1961, da ƙuri'a 27 a kan 25. Wannan amincewa ce da cewa tana da amfani a magani, amma har yau tana cikin abubuwan da yarjejeniyar ta sa wa takunkumi.

To, mece ce gaskiyar maganar magani? Akwai ta, kuma ba zan ɓoye ba. A jikin tsiron akwai sinadarai da yawa, biyu ne suka fi shahara: THC, mai sa buguwa, da CBD, wanda ba ya bugarwa. A 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani maganin ruwa na CBD mai suna Epidiolex don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. Tun 1985 ake ba masu cutar daji wani magani na THC don tsayar da aman da maganin dajin ke sa su. Amma waɗannan an tace su, an auna su, likita ne ke cewa ga adadin da za a sha. Ai daga furen da ake samun hodar hiroyin ake samun mofin da muke yi wa mai karaya allura, kuma ba wanda ya ce don haka a buɗe kantin hiroyin. Naɗin da yaro ke zuƙa a bayan gida ba shi da alaƙa da kwalbar da ke kantin magani, sai dai asali ɗaya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙarfin wiwin yanzu. Dattijon da ke cewa ya sha a ƙuruciyarsa bai haukace ba, ba abin da ya sha ake sayarwa yau ba. A Amurka, wiwin da jami'ai suka kama a tsakiyar shekarun 1990 tana ɗauke da THC kamar kashi 4 cikin 100. Yanzu ta haura kashi 15, wanda aka tace ya zama mai ko danƙo kuwa yakan wuce kashi 60. Wani babban bincike da aka wallafa a 2019, wanda ya duba wurare 11 a Turai da Barazil, ya gano cewa mai sha kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba kusan sau uku wajen haɗarin taɓin hankali, in kuma mai ƙarfin yake sha kullum, kusan sau biyar. Ba kowane mai sha ne zai zautu ba, wannan gaskiya ce. Amma babu gwajin da za mu yi wa yaro yau mu ce masa shi ya tsira, kuma wanda akwai ciwon ƙwaƙwalwa a danginsa ya fi kowa kusa da ramin.

Batun kamuwa da jarabarta kuma, masu cewa wiwi ba ta kama mutum su zo su ga wanda ya yi ƙoƙarin bari. Barci ya ƙaurace, abinci ya fita rai, fushi kamar ana hura wuta, har tsawon mako ɗaya zuwa biyu. Kusan mutum 1 cikin 10 na masu sha yakan kamu, in kuma tun yana ɗan matashi ya fara, ya koma 1 cikin 6, domin ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Akwai ma wata cuta da yawancin mutane ba su sani ba. Wanda ya daɗe yana sha sai ya riƙa amai ba ƙaƙƙautawa, cikinsa na murɗa, ba abin da ke ba shi sauƙi sai wanka da ruwan zafi. Na ga wanda fatar bayansa ta yi ja saboda yawan kwara ruwa, shi kuma yana ƙara zuƙa wai don aman ya tsaya. Maganinta ɗaya ne, a bari. Mai ciki da mai shayarwa ma su sani, THC na ratsa mahaifa, yana kuma shiga nono. Direba kuma, ko ya rantse hankalinsa na nan, ƙafarsa kan yi jinkirin taka birki.

Duk da haka kada wani ya ɗauka ina tare da masu cewa a ci gaba da cika gidajen yari. Na ga abin da kurkuku ke yi wa yaron da aka kama da naɗi ɗaya. Ya shiga yana ɗan zuƙa, ya fito ya san sata, makaranta ta wuce shi, sunansa ya ɓaci, kuma bai daina sha ba. Tsoron kamu ma na hana iyaye kawo ɗansu asibiti da wuri, sai abu ya ƙazanta. Sannan kamun ba ya bin adalci. Wani rahoto na 2013 ya nuna cewa a Amurka baƙar fata ya fi farar fata fuskantar kamu kan wiwi kusan ninki huɗu, alhali yawan shansu kusan ɗaya ne. Ko'ina ka duba, ɗan talaka ne ke kwana a caji ofis, ɗan mai hali ya kwana a gadonsa. Masu neman a sauya doka suna da gaskiya a nan, kuma ya kamata a ba su.

Inda muka raba hanya da su shi ne kasuwa. Ruwa ba ya tsami banza: a 2018 kamfanin Altria, mai sigarin Marlboro a Amurka, ya sanar da zuba dala biliyan 1.8 a wani kamfanin wiwi na Kanada, a shekarar kuma wani babban kamfanin giya ya zuba kusan dala biliyan 4 a wani. Ba tausayin masu farfaɗiya ne ya kawo su ba. Ribar irin wannan ciniki ba daga mai sha sau ɗaya a wata take fitowa ba, daga mai sha safe da yamma take fitowa, wato daidai mutumin da muke fafutukar ceto. Ɗan siyasa kuma harajin yake hange, da ƙuri'un matasa, kuma da zarar kuɗin ya shiga kasafi, wanda ya ce a ƙara tsaurara doka ya zama mai toshe wa gwamnati hanyar samu. Kasuwar bayan fage da aka yi alkawarin kashewa ma ba ta mutu gaba ɗaya ba. A Kanada ta ja baya sosai, a Kalifoniya kuwa tana nan da ƙarfinta, saboda ita ba ta biyan haraji, ba ta tambayar shekaru.

Sai kuma alawa. Inda aka buɗe kasuwa, ana sa wiwi a cikin alawa da cakulan da biskit masu launi. A Amurka, rahoton ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 6 da suka ci irin wannan bisa kuskure ya tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021. Babba ma yakan faɗa tarkon, domin wadda aka ci ba kamar wadda aka zuƙa ba ce: takan ɗauki minti 30 zuwa awa 2 kafin ta fara aiki, mutum ya ga shiru ya ƙara, sai duka su taso masa lokaci guda. Kanada ta ƙayyade miligiram 10 na THC a kowane ƙunshi saboda haka. In yaro ya ci, aka ga yana layi, barci na rinjayarsa, ko numfashinsa ya yi ƙasa, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa komai. A kwantar da shi a gefe ɗaya, a garzaya asibiti, a tafi da kwalin abin da ya ci.

Don haka in muhawarar nan ta iso inda kuke, kada ku yarda a tsare ku a tsakanin "e" da "a'a". Ku tambayi mai kawo ƙudurin: wa zai sayar, gwamnati ko ɗan kasuwa? Za a sa iyaka ga ƙarfin THC? Za a bar talla? Daga shekara nawa, kuma wa zai tabbatar? Nawa ne daga harajin zai tafi ɗakunan jinyar masu ciwon ƙwaƙwalwa, kuma an gina su tukuna? Ƙasar da ba ta iya hana sayar wa yaro sigari ɗaya-ɗaya ba, da wuya ta iya hana sayar masa da wiwi. Ni a nawa ganin, a daina ɗaure mai sha, a tura shi wurin jinya, a bar likitoci su yi aiki da abin da gwaji ya tabbatar, amma kada a damƙa wa kura ajiyar nama.

Ga iyaye, alamun ba sa ɓuya ga mai lura: jan ido, yawan ci bayan dawowa daga waje, mantuwa, karatu na ja baya, sababbin abokai, kulle ɗaki. Duka da gori ba sa raba yaro da ita, ɓoyo kawai suke koya masa. A zauna da shi lokacin da yake garau, a tambaye shi me take yi masa, domin sau da yawa akwai damuwa ko rashin barci a ƙarƙashi. In ya fara jin muryoyin da ba kowa ke ji, ko yana zargin ana bin sa, ko yana maganar kashe kansa, wannan ba na jira ba ne, a kai shi asibiti a ranar.

Saurayin nan yana zuwa ganinmu duk wata. Sau biyu ya koma ruwa, sau biyu uwar ta sake riƙo hannunsa ta kawo shi. A zuwansa na baya ya ce mini ya yi wata uku bai taɓa ba, barci ya dawo, amma abokansa har yanzu suna turo masa bidiyon kantunan Kanada a waya. Na ce ya nuna mini ɗaya. Muka tsayar da hoton a kan kwalin, na sa shi ya karanta gargaɗin da gwamnatin Kanada ta tilasta a buga a jikinsa da launin rawaya. Ya karanta, ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ranar da zai dawo.