Waiwaye: gardamar "kan yaro na ja ko ba ya ja" ba jiya ta fara ba

Duk wanda yake cikin guruf-guruf ɗin mutanenmu na Makka da Jidda ya san maganar da ake ta yi yanzu, hotunan ƙwaƙwalwa masu launin ja da ruwan ɗorawa suna ta yawo a WhatsApp, wai wannan ta yaro mai basira ce wannan kuma ta daƙiƙi, iyaye mata daga Shari'a Mansur har Misfala ana ta turawa juna. Wasu na cewa basira da ita ake haihuwar mutum halas, wasu na cewa a kai yaro tahfiz kansa zai buɗe, wasu ma har sun fara tambayar inda ake yin hoton nawa ne riyal. To jama'a abin nan tsoho ne.

Farkonsa kowa ya sani, ba sai na ja ba. Wajen 1800 Turawa suna shafa ƙoƙon kai suna cewa tudun nan na wayo ne, kwarin can na mantuwa ne, daga baya abin ya rushe. A 1861 wani likitan Faransa Paul Broca ya nuna akwai sashen ƙwaƙwalwa da in ya lalace magana ke tafiya. A 1905 Alfred Binet da Simon suka fito da gwajin basirar yara a Faransa, kuma niyyarsu gano yaran da ke buƙatar taimako a aji ne, ba rarraba mutane ba. A 1924 wani likitan Jamus Hans Berger ya fara ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam. A 1953 aka yi wa wani mai farfaɗiya da ake kira H.M. tiyata aka cire masa wani sashe mai suna hipokamfus, tun daga nan ya daina riƙe sabon abu, sai aka gane inda ajiya ke farawa.

Amma wurin da nake so mu tsaya, wanda masu tura hotunan nan ba sa ambata, shi ne 1988. Wani masani Richard Haier a Kalifoniya ta Amurka ya samo samari takwas ya ba su tambayoyin zane masu wahala, irin na cike gurbi, aka sa musu sukari mai alama a jini domin na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da ake kira PET ta ga inda ƙwaƙwalwa ke cin abinci sosai, tunda ita ƙwaƙwalwa duk da ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfinsa. Kowa ya zata wanda ya fi ci a gwajin shi kansa zai fi haske a hoton. Sai aka ga akasi wallahi. Waɗanda suka fi samun maki su ne ƙwaƙwalwarsu ta fi ƙarancin cin sukari, masu fama kuwa tasu ce ke ci bal-bal. Yani jan launin da ake turo mana a matsayin shaidar basira, a wancan binciken alamar wahala ce.

Bai tsaya nan ba, a 1992 ya sake wani binciken da Tetris, wasan kwamfuta na jera tubala. Aka ɗauki hoton kan samari ranar farko da suka taɓa wasan, aka bar su suna bugawa na makonni huɗu zuwa takwas, aka sake ɗauka. Ƙwarewarsu ta ninka fiye da sau bakwai, cin sukarin kuma ya sauka. Kai ɗaya ne, mutum ɗaya, hoto biyu daban, abin da ya shiga tsakani maimaici ne kawai. Kamar sabon direba ne da ke zufa a zagayen Kudai lokacin Hajji da tsohon sawwaƙ da ke wucewa yana hira. To in hoton yana canjawa cikin wata biyu, ta yaya za a ɗauka a ce ga ƙaddarar yaro? Gaskiya daga baya an gano abin bai miƙe haka ba, in aikin ya yi tsanani sosai masu basirar ma tasu na ƙara ci, mutum takwas kuma ba yawa ba ne, amma ko a haka tun lokacin ya kamata a daina karanta launi kamar sakamakon jarrabawa.

Ɓangaren hadda kuma, a 2003 wata masaniya Eleanor Maguire a Landan ta duba gwanayen riƙe abu guda goma, irin masu shiga gasar riƙe abu ta duniya. Ba su fi sauran mutane maki a gwajin basira ba, ginin ƙwaƙwalwarsu ma ba wani bambanci, dabara ce suke da ita, tara cikinsu suna jera abin da za su riƙe a kan wata hanya da suka sani a zuci, shi ya sa sashen gane hanya ne ke motsi a kansu. Mu da muka tashi da allo da tilawa da muraja'ar asuba bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, ai akwai mahaddacin da zai ja maka izu sittin ba gyara amma lambar jawwal ɗinsa sai ya duba.

Ba wai ina cewa kowa ɗaya ba ne, a'a, akwai bambanci kuma gado na da hannu, girman ƙwaƙwalwa ma yana da 'yar alaƙa da maki sai dai ƙarama ce, kusan kashi 6 cikin ɗari na bambancin take bayyanawa. Abin da ke damuna shi ne ƙishirwarmu ta lamba ɗaya ko hoto ɗaya da zai yanke mana hukunci mu huta, alhali an tattara bincike a 2018 an ga kowace shekara guda ta makaranta tana ƙara maki 1 zuwa 5 a gwajin basira, kuma mun san yara nawa ne a unguwanninmu karatunsu ke yankewa saboda takardu ko kuɗi, wannan ba a cika turo shi a guruf ba.

A 2022 ma wasu masana suka haɗa hotunan mutane kusan 50,000 suka nuna cewa kafin a iya danganta hoton ƙwaƙwalwa da basira a amince da sakamakon sai an duba dubban mutane, alhali yawancin binciken baya da mutum ashirin da 'yan kai aka yi su. Wannan fa maganar jama'a ce a dunƙule, balle a ɗauki hoton yaro ɗaya ɗan aji uku a ce wa uwarsa ga iya inda zai kai.