Abincin kare da kyanwa: ba guba ba ne, amma ba na ɗan Adam ba ne

An daɗe ana cewa tunda a Amurka da Turai an rubuta "cikakken abinci" a jikin buhun abincin kare, to mutum ma zai iya rayuwa a kansa. Wasu kuma sun ɗauka loma ɗaya ta isa ta kashe mutum. Duka biyun kuskure ne.

Loma ɗaya ba ta kisa. Nama ne da hatsi da mai, sai kayan ciki da sauran abin da mahauta suka ture gefe, wani lokaci har da alade, ga kuma batun yanka, abin da ya isa Musulmi ya ja baya tun kafin a je ga likita.

"Cikakken" nan kuwa na kare ne. Jikin kare da kyanwa yana haɗa bitamin C da kansa, don haka ba dole ne a zuba shi a abincinsu ba. Jikin mutum ba ya haɗawa. Wanda ya dogara da wannan abinci watanni, dasashinsa zai fara kumbura yana zubar da jini, ciwo ya ƙi warkewa.

Ga tsabta kuma. A 2012 ƙwayar cutar salmonela, mai sa gudawa da zazzaɓi, da aka gano a busasshen abincin kare ta kama mutane kusan 50 a Amurka da Kanada. Ba sai an ci ba ma, ɗebo shi da hannu a zuba a kwano, a manta wanke hannu, ya isa.