Wai me ake nufi da "guru" a harkar bulog?

Duk wanda ya taɓa shiga YouTube ko Facebook yana neman yadda ake samun kuɗi da bulog, wato shafin intanet da mutum ke wallafa rubuce-rubucensa, ya ci karo da kalmar nan, guru. Asalinta daga Sanskirit take, tsohon harshen Indiya, kuma ma'anarta malami, irin wanda almajirai ke zama gabansa shekara da shekaru suna ɗaukar ilimi. Amma da ta faɗo intanet sai ta sauya kama, yanzu in ka ji an ce wane guru ne to galibi ba yabo ba ne, ana nufin mutumin da ya naɗa wa kansa rawanin gwaninta ba wanda ya naɗa shi, yana sayar da kwas ko littafin PDF ko guruf na musamman a Telegram, da alƙawarin zai nuna maka sirrin da zai sa bulog ɗinka ya fara zubo daloli cikin wata uku.

Ba wai karɓar kuɗi don koyarwa laifi ba ne fa, akwai masu koyarwa na gaske kuma sun cancanci a biya su. Inda gizo ke saƙar shi ne, daga ina kuɗin shi gurun ke fitowa? Da yawansu in ka bi diddigi za ka tarar bulog ɗin da suka mallaka guda ɗaya ne, kuma batunsa shi ne yadda ake samun kuɗi da bulog, wato kai mai sayen kwas ɗin kai ne kasuwar, kai ne sirrin. Hausawa dai sun ce in kura na maganin zawo ta yi wa kanta.

Sannan akwai kamasho. Zai ce maka wallahi kamfanin hostin kaza, wato masu ba da hayar wurin ajiye shafi a intanet, shi ne ya fi kowanne, ga linki nan ka bi ka saya, bai gaya maka cewa duk wanda ya saya ta linkin nan shi ma ana ba shi kasonsa ba. Shi wannan tsari halas ne a kasuwanci, Amazon ma tun 1996 take yinsa, amma ɓoyewar ce matsala, shi ya sa a Amurka hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye ta wajabta wa mai talla ya bayyana in yana da kaso a abin da yake yabawa.

Hoton dashbod kuwa, wato shafin da ke nuna kuɗin da suka shigo, wanda suke liƙawa an ga dala dubu kaza a AdSense, tsarin Google mai biyanka kuɗin tallan da ta saka a shafinka, kar ya ruɗe ka ko kaɗan. Duk mai kwamfuta zai iya danna maɓallin dama na linzami a burawza ya buɗe lambobin shafin ya sauya 12 ta koma 12,000 cikin minti ɗaya ya ɗauki hoto. Ko da ma hoton gaskiya ne, abin da ya shigo ya nuna maka, bai nuna nawa aka kashe a talla kafin a samu hakan ba. Kuma ai ba za ka taɓa ganin hoton ɗaliban da suka biya suka tashi a tutar babu ba, mutum biyun da suka dace su ake ta yawo da su.

Wani abin kuma dabarun kan tsufa. Blogger, dandalin buɗe bulog, ya fito 1999, takwaransa WordPress da kuma AdSense 2003, abin da ya yi aiki a wancan zamanin, kamar cusa kalma ɗaya sau hamsin a rubutu ko biyan wasu shafuka su saka linkin shafinka, yau shi ne zai jawo Google ta nutsar da shafinka. A watan Agustan 2022 ta fito da sabon tsari na rage wa shafukan da aka rubuta don injin bincike kawai daraja, a Maris 2024 ta ƙara matsawa, shafuka da yawa suka rasa maziyarta. Mafi muni su ne masu koya maka sayen maziyartan bogi ko sa abokai su yi ta danna tallan shafinka, wannan kam yana iya jawo a rufe maka akawun, wataƙila ma kafin ka kai dala 100 ɗin da AdSense ke jira kafin ta biya.

To kafin ka tura ko sisi, ka ce ya ba ka sunan bulog ɗinsa wanda ba na koyar da bulog ba, ka saka shi a Wayback Machine, rumbun da ke ajiye tsofaffin kwafin shafukan intanet, ka ga tun yaushe yake raye. Ka tambayi ko ana mayar da kuɗi in kwas ɗin bai yi maka ba. Ka lura da agogon nan mai cewa saura awa biyu a rufe rajista, ka dawo gobe, sau da yawa za ka tarar har yanzu saura awa biyun ne. Ni abin da ya fi ba ni dariya ma, yawancin abin da ke cikin irin wannan kwas ɗin yana nan kyauta a Google Search Central, shafin jagorar Google ga masu shafuka, da shafin taimako na WordPress, wasu ko jerin babukan ba sa wahalar sauyawa.